Wuyan da Camji Ta Ɗaura wa Zare

Ga ta nan, ga ta nanku, da sanyinta ta gangaro daga kan dutse.

Ta zo mu ji ta, Iya, mun matsa mata kusa da murhu.

To ku ƙara busasshen kashin shanu a wutar, ku bar taɓa butar shayin nan. Ni Yangdu a nan Pangboce aka haife ni, a nan na yi aure, a nan nake dafa wa masu hawan dutse dankali da shayi har kaina ya yi fari. Yayata Camji kuwa, tun shekarar da ƙanƙarar Comolungma ta rufe mijinta Ongcu ta tattara yaranta ta koma Katmandu. Dutsen da baƙi ke ce wa Everest nake nufi. Ta ce ba za ta ƙara buɗe taga ta gan shi ba. Sai ga shi ɗanta Urken ya girma ya ɗauki sana'ar uban, shi ke kafa wa baƙi tsani da igiya a cikin ƙanƙara.

Da ta ga ba za ta iya hana shi ba, sai ta gindaya masa sharaɗi. Kowace shekara kafin ya tafi za ta kai jan zare wurin lama, malaminmu na addini, ya ƙulla shi ya tofa masa addu'a, ita kuma ta ɗaura masa a wuya da hannunta. Ongcu a bakin taga ya manta nasa, shekarar da ya tafi bai dawo ba. Urken ya yi mata alkawari ƙafarsa ba za ta taka ƙanƙarar ba sai da zare a wuyansa.

A shekarar da nake ba ku labari, an kira Urken sansanin masu hawa da ke gindin dutsen da wuri, laman Camji kuma yana halwa bai fito ba. Yaro ya tafi wuya ba komai. Ranar da lama ya fito, Camji ta karɓi zare, ta zira masa ɗan shuɗin dutsen ɗan kunnenta kamar yadda ta saba, ta hau jirgi zuwa Lukla, ta kama hanya da ƙafa. Ban san tana tafe ba sai da na gan ta a ƙofata da yamma, tana haki, leɓenta ya yi baƙi.

Na ce, "Yaya, kin dai tsaya kin huta a Namce ko?"

Ta ce, "In huta a Namce? Ni Baturiya ce?"

"Turawan ma da dalili suke hutawa. Jininki ya zama na birni, ya manta iskar nan."

"Ke kika sani. Ina ɗaukar itace a kan hanyar nan kina goye a bayan Inna kina majina."

Na zuba mata shayin man shanu. Kun san baƙo yakan ƙi sau ɗaya sau biyu don kunya, sannan ya miƙa ƙoƙo. Ita na yi tayi har na gaji, ba ta miƙa ba. Na ce ta kwana ta ƙara kwana, in ya so mu tafi tare. Ta ce to. Da safe na je ramin dankali na dawo, sai shimfiɗa kawai na tarar. Hazo ya rufe kwari, ko katangar gonata ba na gani.

Rana ba ta yi tsaka sosai ba na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Na buɗe, Camji ce, hularta a karkace, tana tangaɗi kamar wadda ta sha giyar biki. Ta dube ni ta gaishe ni da ladabi irin na baƙuwa.

"Uwar gida, ana sayar da shayi a nan?"

"Yaya, ni ce Yangdu."

Ta ƙura mini ido. "Me kike yi a Lobuce?"

"Nan Pangboce ne. Nan kika kwana."

Ta waiwaya ta dubi murhuna da tukwanena, ta ce garuruwan yanzu duk kamanninsu ɗaya, har tukwanen. Na zaunar da ita na tambaye ta zaren. Ta yi murmushi, ta buɗe tafin hannu ba komai.

"Na gama. Na ɗaura masa."

"Wa?"

"Wa kuwa? Urken. Ya taho tarye na, na same shi tsaye a bayan babban dutsen addu'a. Ya yi ƙiba, Yangdu. Ya bar gashi har ya rufe masa ido. An jibga masa kaya kamar ba shi da uwa. Amma ya sunkuyar mini da kai kamar yaron kirki, na ɗaura masa."

"Me ya ce miki?"

"Kin ji ki. Yaushe Urken ya taɓa yin magana da safe?"

Daga nan zuwa sansani tafiyar kwanaki ce, ba ta tsakanin karin kumallo da abincin rana ba. Na ɗauko waya na kira Urken. Ya ɗauka, ina jin iska na kaɗa tanti a bayansa.

Ya ce, "Inna Yangdu, lafiya?"

Na ce, "Taɓa wuyanka ka gaya mini abin da ka ji."

"Sanyi na ji. Me ya faru?"

Na gaya masa. Ya ce bai motsa daga sansani ba tun da ya zo, kuma kansa a aske yake. Ya ce nan da 'yan kwanaki lama zai yi addu'ar buɗe hanya, washegarinta su shiga ƙanƙara, shi ne a gaba da tsani. "In ba zare, Inna, ban san yadda zan yi ba. Na yi mata alkawari, kuma mutane suna jira na."

Ciwon tudu ne ya rikita wa Camji kai, maganinsa kuma ɗaya ne, gangarawa. Na kira 'yata Daki, muka ari dokin maƙwabci, muka ɗora Camji, Daki ta ja ta zuwa Deboce inda ake da itatuwa, iska ke da kauri. Tana kan doki tana ce wa Daki ta gaya wa direba ya rage gudu. Ni kuwa na ɗaura ɗamara, na zuba garin sha'ir da gishiri a jaka, na ɗauki sanda, na nufi sama neman wani ƙaton ɗan dako mai gashi da ke yawo da zaren ɗana a wuya.

Da na isa babban dutsen addu'ar na gane rabin abin. Kun san ba a wuce shi sai yana hannun dama. Sawun takalminta na birni na nan a laka, ya zagaya dutsen, ya sake zagayawa, ya sake, sannan ya miƙe ya nufi inda ya fito. Tana ta kiyaye hannun dama har ta juyo gida ba ta sani ba. Da ba don haka ba, da ta ci gaba da hawa da wannan kan nata, ba na jin za mu sake ganin ta. Amma ɗaya rabin, wanda ya sunkuyar mata da kai, sawu ya yi yawa a wurin, na mutane da na dabbobi, ban ga komai ba.

Abin da ban yi tunani ba sai da na shiga hanya, a wannan lokacin kowa da jan zare a wuya. 'Yan dako suna da shi, masu dafa abinci suna da shi, baƙi ma duk sun biya ta wurin laman garinmu an ɗaura musu. Sai na koma mai duba wuyan mutane. In na ga mai gashi in ce ya tsaya, in ja wuyan rigarsa in leƙa. Wani ɗan dako a Ferice ya ce, "Iya, in miji kike nema, ki bari in ajiye kayan nan in wanke fuska."

Na ce, "Kai da wannan wuyan kamar na kaza? Wuce."

Na tarar da wani Bature ƙato, gashi har kafaɗa, gemu kamar tsintsiya, yana zaune a kan katanga yana numfashi da ƙyar. Na ce a raina wannan ne. Na sa hannu a wuyansa, ya ɗauka wata al'ada ce, ya haɗa tafukansa ya rufe ido. Zarensa ba shuɗin dutse. Don kada ya ji kunya na dafa kansa na yi motsi da baki, ya yi ta godiya, abokansa suka jeru su ma. Haka na tsaya na dafa kawunan mutanen da ban san sunansu ba, ni da ko karatu ban iya ba.

Na kwana a Ferice, na tambayi kowa. Wata ta ce ta ga tsohuwa a hazo tana magana da dutse. Wani ya ce ba da dutse ba ne, da wani ne, amma bai ga fuskarsa ba. Wani kuma ya rantse tsohuwar ni ce. Har na fara tambayar kaina ko na fita ranar da safe na manta.

Washegari na hau gangaren Tukla, wanda ke cinye gwiwa. A samansa ne aka jera tarin duwatsun tunawa da waɗanda dutsen ya riƙe. Na je wurin na Ongcu, na gyara masa tutocin addu'a da iska ta yaga, na ce masa, "Ka ga abin da mantuwarka ta jawo mana har yau."

Sai na ji wani na nishi a bayana. Jangbu ne na Fortse, mai shanun dako, irin namu na tudu da muke ce wa yak. Tun muna yara na san shi. Ya jingina da dutse, igiyar kaya a goshi, tukwanen gas biyu a bayansa. Shanunsa sun yi gaba da nasu kayan, amma ga babban baƙin bijiminsa Nakpo yana kiwo a gefe, bayansa ba ko tsumma.

Na ce, "Jangbu, kun yi musaya ne? Gobe shi zai riƙe sanda yana yi maka fito?"

Ya ce, "Yangdu, kar ki tsokane ni, ba ni da numfashin amsawa."

"Ciwo yake yi?"

"Ya fi ni lafiya. An 'yanta shi."

"Wa ya 'yanta shi?"

"Shi nake tambayar kaina. Jiya a hazo na tsaya na zaga bayan dutse, kin gane. Na dawo na tarar da zaren lama a wuyansa, da ƙullinsa da komai. Na kira matata ko ita ta yi alwashi ba ta gaya mini ba, ta ce in rage shan giya. Na ce ko wani lama ne ya wuce. Na ce ko ba mutum ba ne ma. Ni dai na sauke masa kaya."

Ku yara kun san hukuncin. Dabbar da aka ɗaura wa zaren lama an ba ta ranta ke nan. Ba a ɗora mata kaya, ba a dukan ta, ba a jan ta da igiya, ba a sayar da ita, sai tsufa ya ɗauke ta. Na matsa kusa da Nakpo. Ya ɗago kai, gashi ya rufe masa ido, ya huro mini numfashi mai ɗumi, ya sunkuyar da kai kamar yaron kirki. A ƙarƙashin ƙararrawarsa ga ɗan shuɗin dutsen Camji yana lilo.

Na zauna a ƙasa. Na gaya wa Jangbu komai, na miƙa hannu zan kwance. Ya riƙe mini hannu.

"Me za ki yi?"

"Zaren Urken ne. Kuskure aka yi."

"Kuskure ko ba kuskure ba, an ɗaura. Kin taɓa jin an ba dabba ranta an dawo an karɓe?"

"Kai ba ka son bijiminka ya koma aiki?"

"Ina so mana, dubi bayana. Amma ba da hannuna ba, ba kuma a gabana ba. In kika kwance wani abu ya sami yaron a ƙanƙara, wa za a ce? In kika bari wani abu ya same shi, wa za a ce?"

Muka yi shawara mu kai maganar gaban laman da zai yi addu'a a sansani. Sai dai dole Nakpo ya je da kansa, tunda ba dama a kora shi. Shi kuwa tun da ya ji bayansa sakayau ya gano duniya na da daɗi. Ya ci nan, ya kwanta can, ya tsaya kallon tsuntsu. Na ciro gishiri na zuba a tafi, na riƙa tafiya da baya da baya, yana lasa yana biyo ni. Haka muka bi ta Lobuce, tsohuwa na tafiya da baya, bijimi ba kaya, mai bijimi da kayan bijimi. Baƙi suka yi ta ɗaukar mu hoto.

Can sama ni ma kaina ya fara yin nauyi. Na ji kaina ina cewa, "Taho, Urken, taho ɗana." Jangbu ya ce, "To, ga ta biyu." Na ce masa ai da gangan na faɗa, amma ban tabbata ba.

Sansanin a kan ƙanƙara yake zaune, ƙanƙarar kuma tafiya take yi a hankali, don haka inda ka bar shi bara ba nan za ka same shi bana ba. Tantuna rawaya ko'ina, duk iri ɗaya. Hayaƙin turaren itace muka bi. Muka tarar an fara addu'a, an jingina gatura da takalman ƙarfe a jikin tarin duwatsu don su sha albarka, an jera curin garin sha'ir da man shanu na sadaka. Gishirina ya ƙare a daidai nan. Nakpo ya ratsa tsakiyar mutane, ya sa baki ya ɗauke curi mafi girma. Wani mai dafa abinci ya ɗaga ludayi, Jangbu ya ce, "Kar ka taɓa shi, 'yantacce ne." Ludayi ya tsaya a sama.

Urken ya taso, kansa a aske ƙwal, siriri kamar sandata. Ya dube ni, ya dubi bijimin, ya ga shuɗin dutsen.

Ya ce, "Inna, wannan ne ni?"

Na ce, "Ka yi ƙiba."

Lama ya ajiye ƙararrawarsa ya saurare mu, ni da Jangbu muna katse juna. Tsoho ne daga kwarinmu, ya sha yanke hukunci a kan gona da aure, amma na ga yana shafa kai.

Ya ce, "Da ta ɗaura, sunan wa ta kira?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, babu wanda ke wurin sai Nakpo, shi kuma ba ya magana da safe."

Aka kira Deboce. Daki ta ce jikin Camji ya yi sauƙi, har ta ci dankali ta zagi mai masauki. Aka ba Camji waya, Urken ya sa kowa na ji.

"Inna, ni ne Urken. Zaren nan..."

"Kar ka cire shi ko wanka za ka yi. Kuma ka aske gashin nan."

"Inna, a wuyan bijimin Jangbu kika ɗaura."

"Ni na haife ka, zan kasa bambance ka da sa? Sunanka na kira, ka sunkuya. Yangdu ce ta sa ka wannan wasan ko? Tun tana yarinya haka take."

Ta kashe wayar. Lama ya ce, "In da sunan Urken aka ɗaura, zaren na Urken ne. Amma wuyan na Nakpo ne. In na ce a kwance, na ƙwace ran da aka bayar. In na ce a bari, na sa ɗa ya karya alkawarin uwa." Ya dubi dutsen kamar zai taya shi, dutsen bai ce komai ba. "Zare dai ina da shi cike da jaka, in ba ka wani."

Urken ya ce, "Ranka ya daɗe, ba zaren ba ne kaɗai. Hannun ne."

Ya je ya tsaya gaban Nakpo, ya taɓa shuɗin dutsen da yatsa. Na ɗauka zai kwance, Jangbu ma ya kawar da kai. Sai ya janye hannunsa.

"Ba zan shiga ƙanƙara da abin da na ƙwace a wuyan wani ba. A bar masa." Ya juya wurin shugaban tafiyarsu. "Ku nemi wanda zai riƙe tsani gobe."

Na san abin da wannan maganar ta ci masa, abokansa za su shiga wuri mafi haɗari ba tare da wanda ya fi su sanin sa ba. Na sa hannu cikin rigata don ɗumi, sai na ji nawa zaren, na bikin bara, ya koɗe har ya kusa zama fari. Na ciro shi ta kai.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni da uwarsa nono ɗaya muka sha. Shekarar da ubansa ya tafi, uwarsa ta kwanta ba ta iya tashi, a bayana ya yi barci har dankali ya nuna. Wannan hannun ya isa ko bai isa ba?"

Lama ya daɗe yana kallon hannuna. Ya ce, "Ban taɓa karanta inda aka ce ya isa ba. Ban kuma karanta inda aka ce bai isa ba." Ya karɓi zaren, ya ƙara masa ƙulli, ya hura masa, ya mayar mini. "Shi ya yi alkawarin, shi za a tambaya."

Urken ya matso ya sunkuyar da kai. Na ɗaura, na kira sunansa da ƙarfi yadda kowa zai ji, na kuma ja kunnensa don in tabbata na mutum ne. Aka ƙarasa addu'a, aka watsa garin sha'ir sama, muka shafa wa juna a kumatu don kowa ya ga furfurarsa. Nakpo ma an shafa masa.

Urken ya shiga ƙanƙara washegari, ya gama aikin shekararsa, ya sauko da ƙafafunsa. Ya ba Jangbu ɗan maraƙi daga garken danginmu a madadin Nakpo, Jangbu ya yi jinyar baya har damina. Camji ta koma Katmandu, yanzu duk shekara tun kafin sanyi ya wuce take karɓo zare, kuma har yau ba ta yarda ba, ta ce dai ta ji daɗi da ya aske gashin. Laman sansanin ya rasu bayan shekara biyu. Ni na gangaro gida wuya ba komai, sai a biki na gaba aka ɗaura mini sabo. Nakpo yana nan a makiyayar saman Fortse, ya tsufa, bai ƙara ɗaukar kaya ba, yaran garin kuma Urken suke kiran sa.